A Rubuta Tarihin Tsibiran Yauri Tun Masu Ba Da Labarin Suna Raye

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri gare ka da sauran ma'aikatan wannan jarida, ina roƙon ka ba ni fili in jawo hankalin malamanmu na jami'a da masarautunmu da hukumomin ilimi a kan wani ɓangare na tarihin ƙasarmu wanda yake salwanta a kan idonmu, wato tarihin tsibiran Kogin Kwara da ke tsakanin Yauri da Bussa, da na mutanen da suka zauna a kansu kaka da kakanni.

Kowane gari a ƙasar Hausa, ko da ya zama kufai, yana barin abin da za a nuna. Wanda ya je Surame zai ga ganuwar Kanta da idonsa, wanda ya je Alkalawa za a nuna masa inda birnin Gobirawa ya tsaya, kuma ɗalibin da ya yi shakkar abin da ya karanta yana iya zuwa ya auna da ƙafarsa. Al'amarin tsibiran nan ya sha bamban. An fara gina madatsar ruwa ta Kainji a 1964, aka gama a 1968, ruwa ya taru ya zama tafki mai tsawon kimanin kilomita 135, ya shanye tsohon garin Bussa, ya shanye babban tsibirin Foge, ya shanye tsibirai da ƙauyuka masu yawa tare da gonakinsu da maƙabartunsu da wuraren ibadarsu. An tashi mutane kimanin 44,000 aka sake musu matsuguni. Ba na jayayya da amfanin madatsar, domin wutar da take bayarwa ƙasa duka ta sha moriyarta. Abin da nake cewa shi ne, wuraren da ruwa ya ci ba su da ganuwar da za a koma a duba, saboda haka tarihinsu yana wuri biyu kawai: a bakin dattawan da aka haifa a can, da kuma cikin littattafai da kundaye na masana waɗanda kusan dukkansu da Turanci aka rubuta su. Yaron da yake da shekara 15 lokacin da aka tashe su, yau ya haura 70. Wanda ya riga ya zama magidanci a lokacin, wanda ya san iyakar gonaki da sunayen mashigai da jerin sarakunan gungunsu, wato tsibirinsu, in yana raye to ya kusa 90.

Mutanen da suka fi yawa a tsibiran su ne waɗanda muke kira Gungawa, su kuma suke kiran kansu Reshe, harshensu kuma Tsureshe. Tare da su akwai Lopawa da Shangawa da Kambari a gaɓar kogi, da Sarkawa masunta, da Bussawa a ɓangaren Borgu. Gungawa sun shahara da noman albasa na ban-ruwa da su da tuƙin jirgi da kokawa, kuma har yau akwai gundumar Gungu a masarautar Yauri, akwai ma tsibiran da ke can sama kusa da Yelwa waɗanda ruwan bai haɗiye ba. Amma a tambayi ɗalibin sakandare a Birnin Kebbi, ko ma a cikin Yelwa, me ya sani game da waɗannan mutane, da wuya amsarsa ta wuce wasan Rigata da ake yi a bakin kogi.

Ba wai ba a rubuta komai ba. An rubuta da yawa, kuma wasu rubuce-rubucen suna da daraja ƙwarai, sai dai kowanne yana da inda ya tsaya yana kallo, kuma kusan babu wanda ya tsaya a kan tsibiri. Rubutun farko da duniya ta sani na matafiya Turawa ne. Mungo Park ya sauko kogin daga ƙasar Mali a ƙarshen 1805, ya ratsa Yauri, ya halaka a gangaren duwatsun Bussa a farkon 1806. Clapperton ya bi ta Bussa a 1826 yana cigiyar abin da ya faru da shi. 'Yan'uwan nan biyu, Richard da John Lander, sun iso a 1830, suka hau kogi cikin kwalekwale daga Bussa zuwa Yauri, suka yi makonni a can suna neman takardun Park, daga baya suka gangara har teku. Sun ga tsibiran cike da jama'a da gonaki, sun kuma rubuta abin da suka gani, amma hankalinsu yana kan takardun ɗan'uwansu Bature da kuma inda kogin ya nufa, har suka haɗa mazauna tsibiran da Kambari suka ba su suna ɗaya. Abin takaici shi ne, a makarantunmu an daɗe ana koya wa yara sunan baƙon da ya nitse a Bussa, ba a koya musu komai game da matuƙan da suka yi ɗaruruwan shekaru suna ratsa waɗannan duwatsu lafiya lau da kayan fatauci.

Bayan matafiya sai jami'an mulkin mallaka. P. G. Harris ya wallafa bayanai a kan Yauri a 1930, daga baya ya yi rubutu a kan harshen Reshe, kuma duk mai nazarin yankin dole ya bi ta kansa. Amma jami'in mulki yana tattara labari ne domin haraji da tsara gundumomi, yana kuma jin yawancin labarin ta bakin tafinta da mutanen fada. Shi ya sa tarihin Yauri da ya fi yaɗuwa ya zama jerin sarakuna da yaƙe-yaƙensu, tsibirai kuwa sai su bayyana a matsayin mafaka kawai. Misali, an rubuta cewa a cikin rikicin sarauta na ƙarni na 19, lokacin da ƙarfin Kontagora ta Umaru Nagwamatse ya matsa wa ƙasar, sarakunan Yauri sun bar Bin Yauri, tsohuwar hedkwatarsu, suka fake a tsibirin Ikum, kafin Sarki Abdullahi Abarshi ya mai da hedkwata Yelwa a 1888. Wannan gaskiya ne kuma muhimmi ne. To, amma wa ya ciyar da fada a tsawon shekarun nan? Jiragen wa suka yi ta jigilar dakaru da hatsi? Da wace yarjejeniya masu tsibirin suka karɓi sarki da jama'arsa? Masarautar da ta rasa mafi yawan ƙasarta ta tudu ta rayu ne saboda mutanen ruwa, kuma wannan kaɗai ya isa ya sa a ba su babi nasu a cikin tarihinta.

Daga cikin 'yan ƙasa, babu wanda ya kai marigayi Farfesa Mahdi Adamu, ɗan Ngaski, wanda ya rubuta kundin digirinsa na biyu a Jami'ar Ahmadu Bello a kan Yauri ta ƙarni na 19, a 1968, wato shekarar da ruwa ya hau. Ya yi hira da dattawan da yanzu babu ko ɗaya daga cikinsu, kuma daga baya littafinsa na 1978 a kan rawar da Hausawa suka taka a tarihin Afirka ta Yamma ya nuna matsayin Yauri a hanyar fatake masu zuwa Gwanja sayen goro, waɗanda dole su ƙetare Kwara da jakunansu da kayansu. Daga cikin baƙi kuma, Michael Crowder ya rubuta littafi a 1973 a kan boren Bussa na 1915, wanda ya biyo bayan tuɓe Sarki Kitoro Gani da sanya Bussa ƙarƙashin Yauri da Turawa suka yi. Frank Salamone ya zauna a Yauri bayan an tashi mutanen, ya yi nazarin yadda Gungawa suke rikiɗewa su zama Hausawa ta hanyar addini da aure da harshe. Waɗannan ayyuka ne na gaske, kuma ni ban ga dalilin da zai sa malamin tarihi a Ngaski ko Shanga ya gama aikinsa har ya yi ritaya bai taɓa riƙe ko ɗaya daga cikinsu ba, alhali a kan iyayen ɗalibansa aka rubuta su.

Na taɓa samun kwafin wani kundi irin waɗannan a hannun wani abokin aiki. Hoton hoto ne na takardar da aka buga da tafireta, an ɗinke shi da zare, rubutun ya dushe har wasu layukan sai an kai su bakin taga. Taswirar da ke ƙarshensa, wadda ita ce ta fi komai amfani a wurinmu domin tana ɗauke da sunayen tsibirai, injin ɗaukar hoto ya yanke rabinta, sauran rabin kuma baƙi ƙirin. A haka ilimin yankinmu yake yawo a tsakanin masu sonsa.

Ɓangaren labarin ƙasa shi ne ya fi ɗaukar hankalina, domin a nan ne littafin masani da sanin manomi suke haɗuwa su gaskata juna. Masana sun bayyana cewa Kwara a wannan yanki tana cika sau biyu a shekara. Cikar farko tana zuwa da damina, daga ruwan saman da ya sauka a nan kusa, har da wanda gulbin Sakkwato yake kawowa, kuma tana zuwa da laka, shi ya sa ake ce mata farin ruwa. Cika ta biyu ruwan saman tsaunukan Gini ne, wanda yake shafe watanni yana ratsa fadamun ƙasar Mali, lakarsa ta kwanta a can, sai ya iso mana garau a tsakiyar hunturu, shi ne baƙin ruwa. Duk rayuwar tsibiri a kan wannan cika biyu aka gina ta. Da ita ake sanin lokacin da ƙasa za ta fito a dasa albasa, da lokacin da kifi zai shiga fadama ya yi ƙwai, da lokacin da babban jirgi zai iya wuce duwatsu da lokacin da ba zai iya ba. Madatsar ta sauya wannan tsari gaba ɗaya, domin yanzu buƙatar injinan wuta tana da hannu a hawa da saukar ruwan. Manoman da aka kwashe daga ƙasa mai laka aka kai su tudu mai tsakuwa, aka zaunar da su a gidajen bulo masu rufin asbestos, sai da suka sake koyon noma a bakin tafki, suna bin ruwa yana janyewa suna shuka. Masanin labarin ƙasa Wolf Roder ya bi wannan sauyi shekara da shekaru, kuma Farfesa Akin Mabogunje ya shirya littafin da ya tattara binciken zamantakewa da tattalin arzikin yankin a farkon shekarun 1970. Cibiyar binciken kifi ta New Bussa, wadda ta samo asali daga aikin binciken tafkin, tana da tarin rahotanni a kan kifaye da masunta. Sai dai irin waɗannan littattafai an rubuta su ne domin masu tsara manufofi, saboda haka mutum a cikinsu adadi ne: gida nawa aka tasa, eka nawa aka biya, kwandon kifi nawa aka kama. Ba sa gaya maka sunan tsibirin da ya fi kowanne albasa, ko dutsen da matuƙa suke yin shiru in sun zo wuce shi.

Wannan sanin yana nan a bakin mutane. Na taɓa shiga jirgi da wani dattijo Bagunge daga bakin kasuwar Wara, muna cikin tafiya a kan ruwa shimfiɗe wanda ni ban ga bambancin nan da can ba, sai ya ce wa matuƙin ya rage gudu. Ya daidaita wani tsauni na gabas da wata kuka da ke can gaɓa, ya nuna ƙasa da hannu ya ce a nan garinsu yake, nan ne bakin mashaya, can kuma gonar mahaifinsa ta fara. Ya lissafa unguwanni da sunayensu, ya faɗi wane gida ne ke riƙe da sarautar ruwa, ya kuma faɗi gungun da suke auratayya da shi da wanda ba sa yi. Jikansa da ke zaune kusa da shi ya saurara da ladabi, amma da kakan ya juya zuwa Tsureshe don ya rera waƙar da ake yi in an ci kokawa, yaron bai fahimci ko rabinta ba.

A nan ne nake ganin mu masu magana da Hausa muna da alhaki na musamman. Harshenmu ne yake maye gurbin Tsureshe da Lopanci da sauran harsunan bakin kogin, kamar yadda Salamone ya lura tun shekaru 50 da suka wuce. Babu wanda ya tilasta wannan, kasuwa da makaranta da masallaci da rediyo ne suka kawo shi, amma tunda Hausa ce yaran suke karantawa, to wajibi ne Hausa ta ɗauki tarihin iyayensu ta kai musu, kuma ta kai shi da amana, ba tare da ta mai da su 'yan rakiya a labarin sarakunan Hausa ba. Ina nufin a rubuta da Hausa, a kuma ajiye waƙoƙi da kirari da sunayen wurare a cikin harshensu na asali a gefe guda. Haka nan a rubuta abin da ya shafi addinin gargajiyarsu yadda yake, ko da jikokinsu yau Musulmi ne ko Kirista, domin marubucin tarihi ba ya goge abin da ya faru don ya faranta wa na yau rai.

Akwai kuma abin da ke ƙarƙashin ƙasa. Kafin ruwa ya hau, masu binciken kufai sun yi aikin gaggawa a yankin, suka tono tuddai da dama, kuma a wani tudu kusa da Yelwa an samu mutum-mutumin yumɓu da sauran kayan da shekarunsu suka haura 1,000. Ma'anar wannan ita ce zaman mutane a bakin kogin nan ya girmi duk jerin sarakunan da muke haddacewa. Rahotannin suna cikin mujallun masana, kayan kuma suna ɗakunan ajiya nesa da Yauri, kuma mafi yawan mutanen da aka tono su a ƙasarsu ba su taɓa ganin ko hotonsu ba.

Wani abin da ya ƙara wahalar da aikin shi ne yadda iyakokin mulki suka rarraba takardun. A zamanin Turawa, Yauri da Borgu sun taɓa zama a lardin Kontagora, daga baya Yauri ta koma lardin Sakkwato, Borgu ta koma lardin Ilori. A 1991 Yauri ta shiga sabuwar Jihar Kebbi, Borgu kuma aka mai da ita Jihar Neja. Saboda haka tsibirai biyu da ke kallon juna, masu harshe ɗaya da kasuwa ɗaya, takardunsu suna cikin fayiloli daban-daban a rumbun adana takardun tarihi na ƙasa da ke Kaduna, kuma yau suna ƙarƙashin ma'aikatun ilimi biyu. Ɗalibin da ya rubuta tarihin gundumarsa yakan tsaya a inda iyakar jiharsa ta tsaya, alhali mutanen kogi ba su taɓa sanin wannan iyaka ba. Duk wanda zai yi aikin nan da kyau dole ya ɗauki kogin daga Yelwa zuwa Kainji a matsayin ƙasa ɗaya.

Abin da na fi so a fara da shi shi ne taswira. Kafin a gina madatsa irin wannan sai an auna ƙasa an zana ta dalla-dalla, kuma an ƙirga gidaje da gonaki domin biyan diyya, don haka akwai tsofaffin taswirori da takardun ƙidaya. A nemo su, a buga su da girma, a ɗauke su a kai ƙauyukan da aka sake tsugunar da mutane, a shimfiɗa a gaban dattawa maza da mata, a bar su su ɗora sunaye: wannan gungu kaza ne, nan mashigi kaza, nan aka binne wane, daga nan aka kai mu can. A ɗauki muryoyinsu, wanda yanzu wayar hannu ma ta isa yin sa, a rubuta sunan mai magana da garinsa da ranar da ya yi maganar, a ajiye kwafi a Gidan Arewa da ke Kaduna da jami'o'in yankin da kuma fadar Yauri da ta Borgu. Ina jaddada mata, domin su ne suka riƙe waƙoƙin niƙa da na aure da sanin dangantakar gidaje, kuma su ne masu bincike na baya suka fi tsallakewa. Inda labarin wani gari ya saɓa da na maƙwabcinsa, a rubuta duka biyun, kada a zaɓi wanda ya fi daɗin ji. Na san akwai masu tsoron kada irin wannan aiki ya tayar da tsohuwar rigimar sarauta ko ta fili, kuma tsoron yana da dalili, amma rigimar da ake yi a kan abin da ba a rubuta ba ta fi wuyar kashewa, domin kowa yana faɗin abin da ya ga dama ba mai ƙaryata shi.

Bayan taswira sai fassara. Ba sai an fassara kowane littafi daga bango zuwa bango ba. Malaman sashen tarihi da na labarin ƙasa da na harsunan Nijeriya a Jami'ar Usmanu Danfodiyo da Jami'ar Tarayya ta Birnin Kebbi suna iya haɗa kai su fitar da littafi guda da Hausa mai sauƙi, wanda zai tattaro abin da ke cikin waɗancan ayyuka, ya nuna inda suka dace da labarin dattawa da inda suka saɓa, a sa masa taswirori da hotunan kayan da aka tono, a sayar da shi a farashin da malamin firamare zai iya saya. Tunda an dawo da darasin tarihi a makarantun firamare da ƙananan sakandare bayan an cire shi fiye da shekara 10, malamai suna buƙatar abin koyarwa da ya shafi ƙasar da yaran suke takawa, kuma yaron Ngaski ya fi saurin gane ma'anar ambaliya da laka da ƙaura in an fara masa da kogin da yake wanka a ciki. Kowace shekara ɗaliban digirin farko suna rubuta kundaye a kan batutuwan da aka maimaita har aka gaji. Da za a raba wa 20 daga cikinsu tsibiri ɗaya ɗaya, ƙarƙashin malami guda mai kula, da cikin shekara 3 an tara abin da ba a tara ba tun 1968.

Game da kuɗi, hukumar raya yankunan da ake samar da wutar lantarki daga ruwa, wato HYPPADEC, an kafa ta ne domin al'ummomin da madatsun suka shafa, kuma abin da wannan aiki zai ci bai kai kuɗin gina ajujuwa kaɗan ba. Mai Martaba Sarkin Yauri masani ne wanda ya taɓa shugabantar jami'a, saboda haka ba ya buƙatar a yi masa dogon bayani a kan darajar kundi da taswira, kuma kalma ɗaya daga fada za ta buɗe bakin dattawan da ba za su yi magana da baƙo ba. Su ma 'ya'yan Gungawa da suka yi karatu, waɗanda suke aiki a Abuja da Kaduna da Sakkwato, su ne suka fi kowa cancantar riƙe na'urar ɗaukar magana, domin kakanninsu ne kuma harshensu ne.

Kai kuma, Malam Edita, roƙona gare ka shi ne ka ware shafi ko da sau ɗaya a wata, ka gayyaci masu karatu daga Yauri da Ngaski da Shanga da Borgu su aiko da sunan tsibirin da iyayensu suka fito, da sunan ƙauyen da aka kai su, da duk abin da suka ji daga bakin manya, a riƙa bugawa yadda aka aiko tare da sunan garin mai aikowa. In wani ya ga kuskure a abin da aka buga, ya rubuto ya gyara a fitowa ta gaba. Ni a shirye nake in fara aiko da abin da na rubuta daga bakin dattawan Wara, in har za a ba shi wuri.

Wassalam.

Naka,
Wani tsohon malamin makaranta,
Yelwan Yauri, Jihar Kebbi.